Walimar Ma'aikata, Ta Ma'aikata Ce

   Ina gaida na gida, ina gaida na kasuwa. Ina gaida direban da ke kan hanya. Ina gaida mai gadin da ya jingina da bango da 'yar rediyonsa a gefe. Sannunku da aiki, sannunku da sanyi.

Hunturu ya sauko, shekara ta zo gangara. A irin wannan lokaci ne masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a nan Kano suke fara maganar walimar ƙarshen shekara. Haka bankuna. Haka asibitoci masu zaman kansu, da makarantun kuɗi, da gidajen mai, da gidajen burodi. Wasu kuma sukan jira watan azumi, su tara ma'aikata a sha ruwa tare. Wasu sai bayan Sallah. Ko yaushe aka yi, manufar ɗaya ce. Maigida ya tara waɗanda suka yi masa aiki, ya ce musu na gode.

Maganata a yau guda ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta. Walimar ma'aikata, ta ma'aikata ce. In ana so a san ko ta yi kyau, a tambayi mafi ƙanƙantar ma'aikaci. A tambayi mai shara. A tambayi masinja. A tambayi leburan da ke loda kaya a bayan sito. In su sun koma gida da farin ciki, walima ta yi kyau. In sun koma da ɓacin rai, an kashe kuɗi ne kawai.

To, bari mu fara da tambaya ta farko. Me ya sa ma za a yi walimar?

Masu sauraro, wannan abu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ku tuna da aikin gayya. Mai gona yakan kira samarin gari su taya shi noma. Tun asuba matan gida suna kan murhu. A dama koko, a kai fura gona, a tuƙa tuwo. Makaɗa suna bin manoma kunya kunya da gangar noma, suna kiran sunan jarumi a gaban tsararsa. Wa yake fara cin abincin gayya? Wanda ya riƙe garma. Mai gona kuwa yana tsaye yana hidima, yana sa albarka. Iyayenmu sun gane cewa wanda ya zubar da gumi a gonarka yana da haƙƙin ci, yana da haƙƙin a ambaci sunansa. Walimar kamfani ta wannan zamani, in an yi ta yadda ya kamata, wannan tarbiyyar ce take ci gaba.

Kuma Kano tana da tarihi wajen girmama ma'aikaci. A shekarar 1980, gwamnatin marigayi Muhammadu Abubakar Rimi ta ba da hutun Ranar Ma'aikata, ɗaya ga watan Mayu. A lokacin gwamnatin tarayya ba ta fara ba. Sai a 1981, zamanin marigayi Shugaba Shehu Shagari, ranar ta zama hutu a duk faɗin Najeriya. Ke nan mu ne muka riga wasu gane cewa ma'aikaci ya cancanci rana tasa.

Akwai kuma wani dalili. Wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna ya san darajar kamfani ya kai ƙarshen shekara injinansa suna juyawa. A can aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna. Dubban magidanta suka ci abinci a masaƙun Kakuri. Yau yawancin masaƙun a rufe suke. Mutane da yawa sun yi shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama. A nan Kano ma mun ga masana'antun da matsalar wutar lantarki da tsadar man janareta da kwararar kayan waje suka durƙusar. Saboda haka kamfanin da Allah Ya nuna masa ƙarshen shekara yana da abin godiya. Ya gode wa Allah. Sannan ya gode wa mutanen da suka riƙe shi da hannuwansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu kuma mu shiga shirin kansa. Sharaɗi na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne haƙƙi kafin walima.

Maigida, in ana bin ka albashi, fara biya. In akwai kuɗin ƙarin lokaci da ba a bayar ba, fara bayarwa. In an yanki kuɗin fansho daga albashin mutane, a tabbata ya shiga asusunsu. Dokar fansho ta 2014 ta ba mai kamfani kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura wannan kuɗi. Dokar ƙwadago kuma ba ta yarda albashi ya wuce wata guda ba a biya ba. Addininmu ma ya riga doka yin wannan horo, domin malamai kullum suna tunatar da mu kada a jinkirta ladan ɗan ƙodago.

Ku dubi halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, kuɗin abinci ya tashi. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70. Duk mai zuwa kasuwar Singa ko Dawanau ya san iya inda wannan kuɗi zai kai magidanci. Mutumin da ya bar gida babu cefane, ka zaunar da shi gaban farantin kaza, yaya zai ji daɗin cinta? Hankalinsa yana wurin yaransa. Saboda haka, haƙƙi tukuna, sannan walima.

Haka nan, kada a yanki kuɗin walima daga albashin ma'aikata. Kada a ce kowa ya kawo karo-karo dole. Kada a tilasta wa kowa sayen anko. Wanda ya gayyata shi ke ɗaukar nauyi. In kamfani yana son a fito da kaya iri ɗaya, ya saya ya raba. In ba zai iya ba, kowa ya zo da tufafinsa masu tsafta. Walimar ma'aikata, ta ma'aikata ce. Bai kamata ta zame musu bashi ba.

Abu na biyu, wa zai shirya ta?

A wurare da yawa, manaja da akanta ne suke rufe ƙofa su tsara komai. Su zaɓi rana, su zaɓi wuri, su zaɓi abinci. Sauran jama'a sai dai su ga sanarwa a jikin allo. Niyyarsu tana iya zama mai kyau. Amma manaja yana da mota. Bai san wahalar neman abin hawa da dare ba. Bai san lokacin da masu aikin dare suke karɓar aiki ba.

Shawarata ita ce a kafa kwamiti ƙarami, mai wakilci. A sa mutum daga ofis. A sa mutum daga wurin injina. A sa direba. A sa ɗaya daga cikin masu gadi ko masu shara. A sa mata. A sa Musulmi, a sa Kirista. In akwai ƙungiyar ƙwadago a kamfanin, a nemi wakilinta. A gaya wa kwamitin nawa aka ware tun farko, don ya yanka riga daidai wuya. A ba shi lokaci isasshe, kamar wata guda ko fiye. Bayan an gama kuma ya kawo lissafi a rubuce, da rasit, kowa ya gani. Wannan yana kare mutuncin 'yan kwamitin. Yana kuma toshe bakin masu cewa an ci kuɗi.

Sannan a zauna a rubuta sunan kowa. Na ce kowa. A yau kamfanoni da yawa suna ɗauko masu gadi da masu shara ta hannun 'yan kwangila. Akwai ma'aikatan wucin gadi da ake biya kullum ko duk mako. Sunayensu ba sa cikin takardar albashi. Shi ya sa ake mantawa da su. Amma su ne suke buɗe ƙofa da asuba. Su ne suke wanke ban-ɗaki. Su ne suke sauke tirela a cikin rana. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Wannan kaɗai ya ishe mu gargaɗi.

Mu je ga abu na uku, wato lokaci da wuri.

Masu sauraro, ma'aikatan Kano daga ko'ina suke. Akwai 'yan'uwanmu Kirista da suke tafiya gida bikin Kirsimeti. Da zarar Disamba ta raba tsakiya, tashoshin manyan motoci na Sabon Gari sun fara cika. In aka sa walima dab da Kirsimeti, an cire su ke nan ba tare da an faɗa ba. A yi ta da wuri. Kada a sa ta daidai lokacin sallar Juma'a. Kada a sa ta safiyar Lahadi. In a azumi ne, a tsara shan ruwa yadda mutum zai samu sallar magariba cikin natsuwa, ya kuma isa masallacinsa don asham.

Ni ina ganin walimar rana ta fi ta dare. A fara bayan azahar, a tashi kafin magariba. Dalili kuwa shi ne hanyar komawa gida. An hana acaba a birnin Kano tun 2013. A 2022 kuma gwamnati ta taƙaita zirga-zirgar 'yan adaidaita sahu daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ma'aikaciyar da ke zaune a Rijiyar Lemo ko Mariri, in an tashi da tsakar dare, wa zai kai ta gida? Ga miji yana jira, ga yara. In dole sai an kai dare, kamfani ya tanadi motoci. In babu motoci, a ba kowa kuɗin mota a hannu kafin a watse.

A kuma tuna da waɗanda aiki ba zai bar su su zo ba. Injin da ba a kashewa yana buƙatar mai kula da shi. Asibiti yana buƙatar ma'aikaciyar jinya. Ƙofa tana buƙatar mai gadi. A fara kai musu nasu abincin da zafinsa, kafin kowa ya sa hannu. A ajiye musu kyautarsu da sunansu a jiki. Maigida ya taka da ƙafarsa ya je ya gaishe su a bakin aikinsu.

Batun wuri kuma, ba sai an kama babban ɗakin taro na otal ba. Harabar kamfani ma ta isa. A share, a kafa rumfuna, a jera kujeru. A tanadi wurin alwala da wurin sallah, na maza da na mata. A tanadi ban-ɗaki mai tsafta. A gwada lasifika da janareta tun da safe. Kuɗin da za a ba otal, a ƙara shi a kan abinci da kyaututtuka. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Yanzu mun zo wurin da ake yawan samun ɓacin rai, wato abinci da wurin zama.

Kun san yadda ake yi a wasu wurare. Teburin manya yana can sama, an cika shi da kaji da farfesu da 'ya'yan itatuwa. Ma'aikata suna can baya a rana. Sai manya sun ƙoshi sun tashi, sannan a fara miƙa wa na baya shinkafa a roba. Wani ya samu nama, wani bai samu ba. Wani ma robar ba ta kai kansa ba. Wannan mutumin ba zai manta ba. Zai riƙe abin a ransa har shekara ta zagayo.

Jama'a, tukunya ɗaya ta ishi kowa. Abin da manaja zai ci, shi mai shara zai ci. In dafa-duka ce, dafa-duka ga kowa. In waina ce da miyar taushe, kowa ya samu. In an kira mai tsire ko mai balangu, a ƙidaya yadda zai kai kan mutum na ƙarshe. Ga zoɓo, ga kunun aya, ga ruwan sha mai tsafta. Abincinmu na gida yana da daɗi, ya kuma fi sauƙin kuɗi. A tuna da masu ciwon suga da masu hawan jini, a rage musu zaƙi da gishiri. A ƙara kaɗan a kan lissafi don kada a ji kunya.

A lura da mai dafa abincin. A je a ga inda take girki. Shinkafar da aka dafa tun asuba aka rufe a kula har yamma tana iya lalacewa. Ba ma so mutane su bar walima su kwana a asibiti da amai da gudawa. A dafa kusa da lokaci, a raba da zafi. A ajiye ruwa da sabulu don wanke hannu.

Manya kuma su sauko su zauna cikin jama'a. Ranar nan guda, maigida ya ɗauki faranti ya miƙa wa direbansa. Babu abin da zai ragu daga girmansa. Ƙaruwa ma zai yi. Walimar ma'aikata, ta ma'aikata ce.

Bari in taɓa batun nishaɗi a gajarce. A yi abin da kowa zai iya zama a ciki ba tare da kunya ba. A buɗe da addu'a, a ba kowane ɓangare dama. Giya ba ta da wuri a irin wannan taro, dokar jiharmu ma ta hana. Kada a tilasta wa kowa rawa. Kada mai gabatarwa ya mayar da wani abin dariya saboda ƙabilarsa ko harshensa ko ƙanƙantar aikinsa. A kiyaye mutuncin mata. Kada a ɗauki hoton mutum a watsa a Facebook ko TikTok ba da izininsa ba. Wasan ƙwallo tsakanin sassa, ko kacici-kacici, ko ɗan wasan kwaikwayo da ma'aikata suka shirya da kansu, duk suna sa raha mai tsafta.

Jawabai kuwa a taƙaita. Ranar godiya ce. Faɗa da gargaɗi da maganar wanda ya makara, a bar su sai ranar aiki.

Sai abu na gaba, wanda shi ne zuciyar taron. Karramawa.

Ɗan'adam yana son a ambaci sunansa da alheri. A kira mutum gaban jama'a, a faɗi abin da ya yi. Wane ya shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa yin haɗari ba. Wance ta tsinci kuɗin kamfani ta mayar. Wane ya gyara injin da aka fid da rai da shi. A faɗi sharuɗɗan zaɓe tun farko, a bar ma'aikata su ma su sa baki. In kullum 'yan gaban goshin manaja ne suke lashe kyauta, lambar yabo ta zama abin gaba.

Takardar yabo tana da kyau, amma a haɗa ta da abin da zai shiga gida. Buhun shinkafa. Jarkar mai. Turmin atamfa ko yadin shadda. Keken ɗinki, ko babur, ga mai hali. Kuma bayan gwarazan shekara, kowa ya tafi da wani abu, komai ƙanƙantarsa. A gayyato waɗanda suka yi ritaya, a zaunar da su a gaba. A tuna da waɗanda suka rasu a cikin shekarar. A yi musu addu'a, a aika wa iyalansu da nasu kason. Matasan da ke zaune suna kallo. Daga nan suke gane yadda za a yi da su gobe.

Wajen rabon kaya kuma a yi hattara. Ba mu manta da Disambar 2024 ba. A Ibadan, turmutsitsi a wurin wani bikin yara ya yi sanadin rasuwar yara 35. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sake rasa rayuka a Okija ta jihar Anambra da kuma Abuja, a wuraren rabon kayan abinci. Allah Ya kiyaye gaba. Darasin a fili yake. A lokacin yunwa, labarin rabo yana tashi kamar wutar daji. Saboda haka kada a yi rabo a bakin ƙofa. A raba sashe sashe, da suna, da kati. In ma zai yiwu, a raba washegari a wurin aiki. In an gayyaci iyalai, a san adadinsu, a buɗe ƙofofin fita, a sa masu kula da yara.

Na san akwai mai saurarona da zai ce, malam, a raba mana kuɗin mana, ya fi mana walima. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta. In kamfani yana cikin matsi, abin da ke hannu ba zai isa duka biyun ba, to a tambayi ma'aikata. In sun zaɓi kayan abinci, a ba su. Amma ko da hakan, a tara su na rabin sa'a. A kawo lemo da ƙosai. Maigida ya tsaya ya dubi idanunsu ya ce na gode. Kuɗi yana biyan buƙata. Zama tare kuma yana gyara zumunci. Wanda ke sito ya san wanda ke ofis. Waɗanda suka yi saɓani su gaisa. Ma'aikacin da ya san ana ganin ƙoƙarinsa yakan riƙe amana, yakan kuma daɗe a wurin aiki.

Wannan magana ba ta manyan kamfanoni kaɗai ba ce. Alhaji mai shago a Kantin Kwari da yaransa biyar, ta shafe ka. Hajiya mai gidan abinci, ta shafe ki. Mai garejin gyaran mota, mai shagon ɗinki, mai gidan ruwan leda, duk ta shafe ku. Tire guda na shinkafa da kalma mai daɗi sun isa su zama walima.

To, masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ga saƙona gare ku.

Maigida, biya haƙƙi tukuna, sannan ka tara jama'arka ka gode musu da bakinka. 'Yan kwamiti, amana aka ba ku. Ku fara lissafi daga ƙasa, ku tabbata ba a bar kowa a waje ba. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, in an gayyace ku, ku je. Ku zo a kan lokaci, ku bi layi, ku bar wa na bayanku nasa. In an kyautata muku, ku yaba, domin yaba kyauta tukuici. In kun ga gyara, ku faɗa cikin ladabi ta hannun wakilanku, don ta baɗi ta fi ta bana.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu. Allah Ya ba shugabanni tausayin na ƙasa, Ya ba na ƙasa riƙon amana. Masu tafiya gida hutu, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.